Yadda Ake Ƙara Faifan Ajiya a Kwamfuta Mai Windows da Linux

Duk wanda ya raba faifai guda tsakanin Windows da Linux ya san cewa ba a daɗewa wuri yake ƙarewa, domin kowace daga cikin manyan manhajojin biyu tana cin nata kason, sannan hotuna da bidiyo da takardun aiki su cinye abin da ya rage. Maganin da ya fi sauƙi shi ne ƙara faifan ajiya na biyu, a bar na farko ga manhajojin, a mayar da kayan aiki kan sabon. Ɗaura faifan a jikin kwamfuta aikin minti goma sha biyar ne. Inda ake samun asara shi ne wajen tantance faifan da za a goge, da kuma yadda Windows ke barin faifai idan an kashe ta, don haka a waɗannan wurare biyu zan fi tsawaita bayani.

Misalin da za mu bi shi ne kwamfutar tebur mai ɗauke da Windows 11 da Ubuntu ko Linux Mint (nau'o'in Linux ne) a kan ƙaramin faifan SSD, za a ƙara mata faifai mai girman 2 TB. Za mu raba shi gida biyu: babban yanki na tarayya wanda ɓangarorin biyu za su karanta su rubuta a kai, da ƙaramin yanki na Linux kaɗai.

Kayan da za ka tanada

Na farko shi ne faifan kansa. Mai inci 3.5 na kwamfutar tebur ne, mai inci 2.5 kuwa yana shiga laftof, yana kuma shiga ta tebur. Kana buƙatar wayar SATA ta bayanai, wadda bakinta siriri ne mai fil 7, kuma sabon faifai ba kasafai yake zuwa da ita ba, saboda haka ka saye ta tun a shago. Ka leƙa cikin kwamfutar ka tabbatar akwai bakin wayar wuta mai faɗi, mai fil 15, da yake reto daga akwatin wuta ba a jona shi da komai ba. Sai sukurudireba mai bakin tauraro, da sukurori huɗu da suka dace da faifan, domin na inci 3.5 sun fi na inci 2.5 kauri.

Ka tanadi filash mai ɗauke da Ubuntu ko Mint wanda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Mai yiwuwa ba za ka taɓa shi ba, amma shi ne hanyar shiga idan Linux ta ƙi tashi. Ka kuma kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri dabam kafin ka kwance sukuru ko ɗaya. Idan kana da UPS ko batirin inbata, ka jona kwamfutar a kai, saboda ɗauke wuta a tsakiyar yanka faifai na iya lalata tsarinsa.

Idan laftof ce, hanyoyi uku ne. Wasu suna da gurbin M.2 na biyu a ciki, wato wurin soka siririn faifan SSD. Tsofaffi masu gurbin faifan DVD ana iya cire shi a sa tire na musamman mai ɗaukar faifan inci 2.5, sai dai ka auna kaurin gurbin, domin akwai mai milimita 9.5 akwai mai 12.7. Idan babu ko ɗaya, ka sa faifan a akwatin USB. Duk matakan da ke ƙasa suna aiki a kansa, ban da mataki na uku.

1. Shirya Windows tun kafin a buɗe kwamfutar

Tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup, wanda ke zuwa a kunne. Idan ka danna kashewa, Windows ba ta rufe komai gaba ɗaya. Tana adana halin da take ciki ne a wani fayil domin ta tashi da sauri, kuma tana barin yankunan NTFS, wato masu tsarin fayil na Windows, da alamar cewa har yanzu suna hannunta. Idan Linux ta tarar da wannan alama, sai ta buɗe yankin don karatu kawai, ko ta ƙi buɗe shi. Wanda ya tilasta mata rubutu a wannan hali yana iya rasa fayilolin da ya ajiye da zarar Windows ta farka ta ci gaba da tsohon lissafinta.

Domin kashe shi, ka buɗe Control Panel, ka shiga Power Options, ka zaɓi Choose what the power buttons do, ka danna Change settings that are currently unavailable, sannan ka cire alamar da ke gaban Turn on fast startup ka adana. Hanyar da na fi so ita ce buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta:

powercfg /h off

Wannan umarni yana kashe Fast Startup tare da dogon barcin da ake kira Hibernate, wanda shi ma yake jawo matsala iri ɗaya.

A cikin tagar nan, ka rubuta manage-bde -status domin ka ga ko BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, yana aiki. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma taɓa saitin BIOS, wato shafin saiti da ake shiga kafin Windows ko Linux ta tashi, na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Idan yana aiki, ka shiga asusunka na Microsoft ka kwafi mabuɗin a takarda tun yanzu.

2. Rubuta bayanan tsohon faifan

Ka tashi kwamfutar zuwa Linux, ka buɗe Terminal, ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,FSTYPE,MOUNTPOINT

Ka ɗauki hoton abin da ya fito da wayarka. Sannan ka juya sabon faifan ka rubuta sunan samfurinsa da lambar siriyal da ke kan takardar da aka manna masa. Dalilin wannan shi ne cewa sunayen sda da sdb ba dawwamammu ba ne. Linux tana raba su ne bisa tsarin da ta ci karo da faifan a lokacin tashi, don haka wanda yake sda yau yana iya zama sdb bayan an ƙara wani. Girma da samfuri da siriyal ne ba sa canzawa, kuma da su za ka riƙa gane faifanka a duk matakan da ke tafe.

3. Ɗaura faifan

Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wutar da ke ciki ta fice. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka dafa ƙarfen jikin akwatin. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, jikin mutum yana tara lantarkin da kan yi ƙyas idan an taɓa ƙarfe, kuma wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe sassan da ke kan faifai. Ka riƙe faifan ta gefuna, kada yatsunka su hau kan koren allon da ke ƙasansa.

Ka zura shi a gurbinsa, bakunan wayoyi suna fuskantar ciki, ka ɗaure sukurori biyu a kowane gefe. Faifai mai juyawa da aka bari yana lilo yana jijjiga, jijjigar kuma tana rage masa kwana. Ka jona wayar bayanai daga faifan zuwa wani bakin SATA da ke babban bod, sannan ka jona wayar wuta. Bakunan biyu suna da lanƙwasa irin ta harafin L, ta fuska ɗaya kawai suke shiga, saboda haka idan ka ji turjiya ka juya wayar maimakon ka danna da ƙarfi, domin robar bakin faifan tana karyewa cikin sauƙi. Kada ka canza wa tsohon faifan baki. Ka bar shi inda ka same shi.

A wasu bod, idan an sa SSD a gurbin M.2, wani bakin SATA ɗaya ko biyu yana daina aiki. Idan faifan bai bayyana ba a mataki na gaba, ka fara da sauya baki kafin ka zargi faifan.

4. Duba BIOS da jerin tashi

Ka kunna kwamfutar kana danna maɓallin shiga BIOS, wanda galibi Del ne ko F2, a kwamfutocin HP kuma F10. Ka nemi jerin faifan da ke jone ka tabbatar sabon ya bayyana da sunansa. Daga nan ka duba jerin tashi: wanda ke ɗauke da sunan ubuntu ne ya kamata ya zama na farko, domin shi ke kawo menu na GRUB inda ake zaɓar Windows ko Linux. Mint ma sau da yawa da wannan suna take bayyana. Faifan gwanjo yakan zo da tsohuwar Windows ta mai shi na da, kwamfuta kuma ta yi ƙoƙarin tashi daga kanta, sai mutum ya ɗauka kayansa sun ɓace alhali jerin tashi ne kawai ya sauya.

Idan ka ga saitin da ke ba da zaɓi tsakanin AHCI da RAID ko Intel RST, kada ka taɓa shi. Windows da aka ɗora a ƙarƙashin ɗaya ba ta tashi idan aka sauya zuwa ɗayan ba tare da shiri ba.

5. Gwada lafiyar faifan

Wannan mataki wajibi ne ga faifan gwanjo, yana kuma da amfani ga sabo, domin akwai wanda ake goge masa jiki a sa shi a leda a sayar a matsayin dal. Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a tsarin da ake kira SMART. A Windows, manhajar CrystalDiskInfo tana nuna shi kyauta. A Linux, ka sauko da kayan aikin da za mu buƙata gaba ɗaya:

sudo apt install smartmontools gparted ntfs-3g

Ka sake gudanar da umarnin lsblk na mataki na biyu domin ka san sunan da sabon faifan ya samu. Idan sdb ne, ka rubuta sudo smartctl -a /dev/sdb. Layuka uku za ka duba. Mai lamba 9 yana nuna yawan awannin da faifan ya yi a kunne, kuma shekara guda cur awa 8,760 ce, don haka za ka iya lissafa shekarunsa na aiki. Mai lamba 5 yana nuna wuraren da suka lalace aka maye gurbinsu, mai lamba 197 kuma wuraren da ake shakkar lafiyarsu. A ginshiƙin ƙarshe na waɗannan biyun sifili ake so a gani. Idan na 197 ya wuce sifili, shawarata ita ce ka mayar da faifan ga mai shago tun ba ka zuba masa komai ba.

6. Yanka yankin tarayya daga cikin Windows

Kafin yanka, ga abin da kake buƙatar sani game da tsarin fayil. Linux tana karanta NTFS tana kuma rubutu a kai, amma Windows ba ta gane ext4, tsarin fayil na Linux, da kanta. Wannan ya sa NTFS ne ya dace da yankin tarayya. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4 GB, saboda haka ba ya cikin lissafi. Shi kuwa exFAT, ɓangarorin biyu suna gane shi, amma ba ya riƙe rajistar rubutun da ke gudana wadda ake gyara ɓarna da ita bayan yankewar wuta, kuma a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama wannan babban rashi ne. Na fi son a ƙirƙiri yankin NTFS a cikin Windows, tunda tsarinta ne.

Ka danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. Idan faifan sabo ne, taga za ta fito tana neman ka zaɓi MBR ko GPT. Ka zaɓi GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya amfani da abin da ya haura kimanin 2 TB, kuma manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka, alhali GPT a Windows yana ɗaukar har 128. Za ka ga faifan 2 TB ya bayyana da kusan 1863 GB. Ba cutarka aka yi ba: kamfanoni suna ƙirga da dubu-dubu ne, Windows kuma da 1024.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. A wannan taga za ka ga yankunan Linux da ke tsohon faifan ba su da harafi, ba su da sunan tsarin fayil, kamar babu komai a cikinsu. Kada ka goge su, kada ka ba su harafi, kuma duk lokacin da Windows ta ce wani yanki yana buƙatar fomat kafin a yi amfani da shi, ka danna Cancel. Idan faifan gwanjo ne mai tsofaffin yankuna, ka kwatanta shi da abin da ka rubuta a mataki na biyu, ka danna dama a kan sunansa ka duba Properties ka ga samfurin, sannan ka goge yankunan ɗaya bayan ɗaya.

Ka danna dama a kan filin da aka rubuta Unallocated, ka zaɓi New Simple Volume. A wurin girma ka rubuta 1536000, wato 1500 GB, wanda zai bar wa Linux kimanin 363 GB. Ka ba shi harafi, misali D, ka zaɓi NTFS, ka sa masa suna Tarayya. Ga sabon faifai, fomat na gaggawa ya wadatar. Ga na gwanjo, ka cire alamar Perform a quick format domin Windows ta bi faifan tun daga farko har ƙarshe, ko da yake hakan yana ɗaukar awanni. Bayan an gama, ka sake duba manage-bde -status, domin a kwamfutar da kulle faifai ke kunne Windows tana iya kulle sabon yankin ma. Idan ta kulle shi, umarnin manage-bde -off D: zai buɗe shi.

7. Yanka yankin Linux

Ka koma Linux ka buɗe GParted, manhajar yanka faifai da ka sauko da ita a mataki na biyar. A kusurwar sama ta dama akwai jerin faifai. Ka zaɓi wanda ke ɗauke da yankin Tarayya. Sunan da ka sa masa a Windows shi ne shaidar cewa kana kan faifan da ya dace. Ka danna dama a kan filin da ya rage, ka zaɓi New, tsarin fayil ext4, suna Ajiya, sannan ka danna alamar zartarwa, domin GParted ba ya taɓa faifai sai an danna ta.

Amfanin wannan yanki shi ne cewa NTFS ba ya riƙe izinin fayiloli yadda Linux ke so. Kwafin ceto na manhajar Timeshift, da ayyukan rubuta manhaja, da duk abin da ya dogara da izini, a kan ext4 ya kamata su zauna. Saboda wannan dalili ne ma ba a mayar da foldar /home kan NTFS. Wanda ba ya irin waɗannan ayyuka yana iya bai wa Tarayya faifan gaba ɗaya ya tsallake wannan mataki.

8. Sa Linux ta riƙa buɗe yankunan da kanta

Windows tana tuna harafin D da kanta, amma Linux sai an gaya mata inda za ta ɗaura kowane yanki a duk tashi. Wannan bayani yana cikin fayil ɗin /etc/fstab. Ka fara da ƙirƙirar foldoji biyu da kuma kwafin fayil ɗin:

sudo mkdir /mnt/tarayya /mnt/ajiya
sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho
sudo blkid

Umarni na ƙarshe zai nuna lambar UUID, wato lambar shaida, ta kowane yanki. Ta NTFS gajera ce, haruffa da lambobi 16, ta ext4 kuwa doguwa ce mai karan ɗori huɗu. Ka lura kada ka ɗauki PARTUUID da ke ƙarshen layin, domin wata lamba ce dabam. Ka kwafa da linzamin kwamfuta, kada ka rubuta da hannu. Ka buɗe fayil ɗin da sudo nano /etc/fstab, ka gangara ƙasa ba tare da taɓa layukan da ka tarar ba, ka ƙara waɗannan biyu, kana maye gurbin kalmar LAMBA da UUID ɗin da ya dace:

UUID=LAMBA /mnt/tarayya ntfs-3g uid=1000,gid=1000,umask=022,windows_names,nofail,x-gvfs-show 0 0
UUID=LAMBA /mnt/ajiya ext4 defaults,nofail,x-gvfs-show 0 2

Kowace kalma a nan tana da aikinta. Lambar 1000 ita ce ta mai amfani na farko a Ubuntu da Mint, kuma umarnin id zai nuna maka taka idan ta bambanta. Ita ce ke mallaka maka yankin NTFS domin ka iya rubutu ba tare da sudo ba. Kalmar windows_names tana hana ka sa wa fayil suna mai alamomin da Windows ba ta yarda da su ba, irin su alamar tambaya da ɗigo biyu, waɗanda ke sa fayil ya ƙi buɗuwa a can. Ita kuwa x-gvfs-show tana sa yankin ya bayyana a gefen manhajar duba fayiloli. Mafi muhimmanci ita ce nofail, domin idan babu ita, ranar da faifan ya mutu ko wayarsa ta saki, Linux za ta tsaya a baƙin allo tana jiran faifan da ba ya nan. Kada ka bar tazara bayan waƙafi a cikin jerin, domin tazara ce ke raba ginshiƙan layin.

Ka adana da Ctrl da O, ka danna Enter, ka fita da Ctrl da X. Kada ka sake kunna kwamfutar tukuna. Ka gwada da waɗannan:

sudo systemctl daemon-reload
sudo mount -a
sudo chown $USER:$USER /mnt/ajiya
df -h

Idan mount -a bai ce komai ba, kuma yankunan biyu sun fito a jerin df, layukanka daidai suke. Idan ya kawo ƙorafi, ka gyara a take. In kuwa an riga an sake kunnawa Linux ta ƙi tashi, ka tashi daga filash ɗin da ka tanada, ka buɗe yankin Linux na tsohon faifan, ka shiga fayil ɗin etc/fstab da ke cikinsa, ka sa alamar # a farkon layukan biyu da ka ƙara, sai ta tashi kamar da.

Wanda ba ya son taɓa fstab da hannu yana iya buɗe manhajar Disks, ya zaɓi yankin, ya shiga Edit Mount Options, ya kashe User Session Defaults, ya cike gurabun. Fayil ɗin nan dai take rubutawa a ciki, saboda haka gwajin mount -a yana nan daram.

9. Gwaji daga ɓangarorin biyu da kwashe kaya

Ka ƙirƙiri ƙaramin fayil a /mnt/tarayya, ka koma Windows ka buɗe shi a D, ka ƙara masa layi, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya da Shut down, sannan ka kunna zuwa Linux ka gwada sake rubutu a cikinsa. Dole ne gwajin ya bi ta kashewa, domin Restart ba ya amfani da Fast Startup, don haka ba zai tona matsalar ba idan tana nan.

Idan gwajin ya yi kyau, sai kwashe kaya. A Windows, ka danna dama a kan foldar Documents, ka shiga Properties, sai shafin Location, ka danna Move, ka nuna mata wata folda da ka ƙirƙira a cikin D. Kada ka nuna mata D kanta, domin za ta mayar da faifan gaba ɗaya foldar Documents, kuma warware hakan yana da wahala. A Linux, umarnin ln -s /mnt/tarayya/Documents ~/Takardu zai samar maka da gajeriyar hanya zuwa wannan folda daga gidanka, ta yadda takardar da ka fara a Windows za ka ƙarasa ta a Linux.

Idan wata rana wuta ta ɗauke kana cikin aiki, Linux kuma ta dawo tana buɗe Tarayya don karatu kawai, kada ka dogara da umarnin ntfsfix, wanda ƙananan gyare-gyare kawai yake yi. Ka shiga Windows, ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta chkdsk D: /f, ka bar shi ya kammala, sannan ka koma Linux. Haka kuma, bayan kowane babban sabuntawa na Windows ka sake leƙa saitin Fast Startup, domin yakan dawo a kunne.